Kaskon Turaren Inna Uwani

Shekara goma sha tara Inna Uwani ta yi tana shara a wata cibiyar bincike da ke Tarauni, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Da ƙafa take tahowa daga Gyadi-Gyadi, da ɗan kaskonta a leda. Tun a ɗakin uwarta ta koya: in an share wuri, a bi shi da turaren wuta. A wurinta, ɗakin da ba a turara ba ba a gama share shi ba.

Bara aka kawo wata na'ura aka girke a ɗakin sama, har aka huda rufi. Nafisa, sabuwar ma'aikaciya da ta gama jami'a, ta yi mata bayani a tsaitsaye. Ta ce na'urar hasken leza take harbawa sama, ya dawo kan madubai, da haka ake gane yawan ozon, wata iska mai ƙona ƙirji da hayaƙin motoci ke haifarwa idan rana ta ƙwalle. Maganar ta shigi Uwani, don tarin da ya kashe mijinta, direban bas, ba wanda ya taɓa gaya mata asalinsa. Tun daga ranar, sau biyu take goge ƙofar ɗakin.

Ranar da baƙi za su zo daga Abuja, Nafisa ta miƙa mata makulli, ta ce Inna ta gyara ɗakin tsaf. Uwani ta ɗauko turarenta ɗan Barno, wanda take ɓoyo tun bikin 'yarta, ta zuba a garwashi, ta ja ƙofa don ƙamshi ya kama.

Ya kama kuwa. Maiƙon hayaƙin ya kwanta a kan madubai, ana kunna leza a gaban baƙi, madubin suka ƙone.

Dakta Obiechina, shugaban cibiyar, ya nuna mata gargaɗin hana shiga da hayaƙi da ke manne a ƙofa, da Turanci.

"Yallaɓai, ban yi boko ba," in ji ta. "Karramawa na nufa."

Ta dubi Nafisa, wadda ta san ba ta taɓa faɗa mata hayaƙi na ɓata madubai ba. Nafisa ta sunkuyar da kai.

Kafin azahar an karɓe makulli an sallame ta. Madubai kuwa sai daga ƙasar waje, har yau ba su iso ba. Yanzu Uwani awara take soyawa a bakin titin Zariya, cikin hayaƙin da babu mai auna shi. Kaskon yana can ɗakin sama. Ba ta koma ɗauka ba.