Gashin Oshige a Cikin Jirgin Yaƙi

Kumezo kafintan kwale-kwale ne, ɗan kafinta, daga wani ƙauyen masunta kusa da Nagasaki. Da kifi ya ja baya, sai ya ɗauki gizagonsa da matarsa Oshige ya shigo birni, ya samu aiki inda ake ƙera manyan jiragen ruwa. Mutumin da masunta ke rusuna wa, ga shi yana sassaƙa gungumen tokare ƙarfe.

Lokacin ana gina wani jirgin yaƙi da garin bai taɓa ganin irinsa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Kumezo a rai: jirgin ba shi da kurwa. A ƙauyensu ba a sakin kwale-kwale a ruwa sai kafinta ya fafe rami a katakon, ya sa gashin mace mai rai, ya toshe. Gashin ke tsare maza a teku. In kwale-kwale ya tsufa kuma, kafin a fasa shi sai an ciro gashin an mayar wa mai shi, don kada ta bi shi ta halaka.

Ya kai maganar ga Iwanaga, shugaban ma'aikata.

"Kai baƙauye!" in ji Iwanaga, yana dariya har da dukan cinya. "Wannan ƙarfe ne, ba kwale-kwalen kakanka ba."

"Ranka ya daɗe, ƙarfen ba 'ya'yan mutane zai ɗauka ba?"

"Tafi ka yi aikinka."

Da ya nemi gashinta, Oshige ba ta yi gardama ba. "Yanki, Maigida," ta ce, tana miƙa masa almakashi. "Dama zafi yake sa ni."

Ya dunƙule gashin a guntun gora, ya cusa shi can ƙasan jirgin a bayan wani ƙarfe. Washegari aka rufe wurin da farantin ƙarfe aka buga ƙusoshi, daga baya aka ɗora sulken ƙarfe mai kauri. Ko kaɗan bai tuna da ranar cirewa ba. Shi da ya saba da katako, a saninsa duk abin da hannu ya toshe hannu na iya buɗewa.

Sai manyan ƙasashe suka zauna suka yi yarjejeniyar rage jiragen yaƙi. Aka soke aikin. Jirgin ya zauna a bakin ruwa babu bindiga ko ɗaya, tsatsa na cin sa, aka sallami mutane da yawa. Daga bisani labari ya zo cewa sojoji za su ja shi tsakiyar teku, su gwada harsasansu a kansa, su nutsar da shi.

Kumezo ya ruga wurin jirgin da gizago. Wannan karon Iwanaga bai yi dariya ba. Da kansa ya sauka da shi, ya ɗora tafinsa a kan sulken.

"Kaurinsa ya kai kamu guda, ɗan'uwa. Wa zai ba mu izinin yanka shi saboda gashi?"

Kumezo ya yi ta sara har bakin gizagon ya karye. Ko fenti bai gama kankarewa ba.

Ranar da aka ja jirgin, ya dawo gida ya tarar Oshige ta zuba masa shinkafa da dankali.

"Na ciro," ya ce.

"To ina yake?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ci abincinka," ta ce. "Sai dai ka san ban iya iyo ba."

Oshige ba ta mutu a shekarar ba, ko wadda ta biyo. Amma tsoro ya gama da Kumezo. In aka ce ta yi tari, sai ya yar da aiki ya nufo gida a guje, har masu ɗaukar ma'aikata suka gaji da shi. Suka tsufa a ɗaki ɗaya a kan tudu, tana wa mutane wanki, shi yana gadin numfashinta. Abin tausayi ne, wallahi.

Da ciwon ajali ya zo mata, tsakiyar zafi ne, kowa na fifita. Ta kama hannunsa.

"Maigida, ƙara min bargo," ta ce. "Ruwan nan akwai sanyi."