Ranar da Muka Auna Baba

Tun tasowata ban taɓa ganin Baba ya gama kwanon abinci ba. Loma kaɗan zai yi, ya ture kwanon, ya wanke hannu. Ni kuwa abinci ne sana'ata a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan. Tuwo da amala nake sayarwa, direbobin da ke sauke kaya a Ojoo har ɗan okada suke turowa ya karɓo musu. Kowa na yabon miyata, amma uban da ya haife ni yana ɗanɗana ta kamar magani. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Dalilin ya girme ni. Inda filin ƙwallo yake yanzu a Adamasingba, nan ne filin sukuwa a da. Turawa suka kawo irin tasu sukuwar, ta zagaye fili da awo a sikeli, attajiran gari suka karɓa. Dawakin kuwa daga Arewa ake kawo su tare da masu kula da su, haka kakana ya shigo Ibadan riƙe da linzamin dokin wani. Baba a barga ya tashi, da yake ɗan firit ne aka ɗora shi a sirdi. Ƙa'idar ita ce a auna mahayi da sirdinsa kafin tsere, a sake auna shi in ya sauka. Wanda ya yi ƙiba sai a ba wani dokinsa. Don haka mahaya suka saba da yunwa, har suna alfahari da ita.

Ina ƙarama filin ya tashi. Aka zuba siminti, dawaki suka watse, Baba ya koma sayar da goro. Sai dai cikinsa bai sami labarin an daina sukuwa ba.

Da tsufa ya zo, ciwo ya kwantar da shi. Likita ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa magani ba zai yi aiki ba sai da abinci, in bai ci ba, ba zai tashi ba. Na lallaɓa, na yi fushi, na yi kuka.

"Baba, e jo, ku ci mana," na ce masa, ina haɗa shi da roƙo irin na Yarbawa. "Wane doki ya rage da za ku hau?"

"Uwata, jikina ya yi nauyi," ya ce. "Ni nake jin abina."

Kasala ce take danne shi, shi kuwa nauyi iri ɗaya ya sani a duniya. Cikin haushi na je wurin maƙwabcinmu mai sayar da hatsi, na sa ya ɗoro sikelin awon buhu a keke har ƙofar ɗakin Baba. Niyyata kawai in ƙaryata Baba.

Da ya ga sikelin sai idonsa ya buɗe. Ya ce ba a auna mahayi ba sirdi. Na jawo tsohon sirdinsa daga ƙarƙashin gado, fatar duk ta tsattsage, ya rungume shi. Ni da maƙwabcin muka tallafe shi ya hau sikelin, ya ce mu sake shi. Ya daɗe yana duban inda awon ya tsaya.

"Ko ina yaro ban taɓa yin rashin nauyi haka ba," ya ce a hankali. "Da a fili ne, sai an cusa mini dalma a sirdi kafin a bar ni in hau. Doki kuwa ba ya son dalma. Mutum tafiya yake tare da dokin, ita dukan bayansa kawai take yi."

Ya miƙo mini sirdin, ya zauna a bakin gado.

"Me kika dafa?"

Amala ce da gbegiri, miyar waken Yarbawa. Ina tsaye ya ci, loma bayan loma, har ya suɗe kwanon da yatsa. Ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaske.

"Ashe kin iya miya, Uwata."

A lokacin har ina da jika. Na ɗauki kwanon na shiga kicin, na zauna da shi a cinya, na daɗe ban wanke shi ba.