Harajin Tukunya

A shekarun casa'in, lokacin da nake haya a Suleja ina kafinta, mai unguwarmu ya kafe cewa kuɗin gyaran unguwa da tukunya za a biya, ba da kai ba. Duk waɗanda ke ci daga girki ɗaya, kashi ɗaya ne a kansu. Dattijo ne mai riƙo da tsarin iyaye, ba ya son sauyi.

Ni da matata kaɗai ne, sai na ga an cuce ni. Kullum da la'asar muna musu da maƙwabcina mahauci, haifaffen garin.

"Son kai ne kawai," na ce. "Gidan mai unguwa mutum talatin, ni mu biyu, amma biya ɗaya?"

"Kai Bazazzage, bakinka ya fi zartonka kaifi," in ji shi. "Ka taɓa ciyar da talatin?"

Har a gaban jama'a na kira dattijon azzalumi, kuma na san maganar ta kai masa.

Bayan shekara biyu yayana ya rasu, na kwaso 'ya'yansa shida. Na zaci mai unguwa zai rama, ya sa a ƙirga mu da kai. Da masu karɓa suka zo, kashi ɗaya suka nema, kamar da.

Na je wurin dattijon na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini."

Ya ce, "Tashi. Yaran suna ƙoshi?"

Na ce suna ƙoshi. Duk shidan a hannuna suka girma, alhamdulillahi.