Kwalbar Yaya da Miyar Mama

Da kuɗin burukutu Mama ta ɗauki nauyin karatun yayana. Wannan ba abin ɓoyo ba ne a ƙauyenmu da ke bayan Bomo, kowa ya san tukwanenta. Hayaƙin murhun ne ma ya cinye mata ido ɗaya.

Da aka ƙara wa Yaya girma a jami'a, sai ya shirya wa abokan aikinsa liyafa a gidansa na Samaru. Ni ya aika Sabon Gari in karɓo masa wata kwalbar jar giyar inabi mai tsada, yana ta ja min kunne: kada in bar ta a rana, kada in girgiza ta, sai ka ce jaririya zan ɗauko. Wai ba da kowane abinci ake shan ta ba. Gasasshen naman rago take so, ba yaji, ba daddawa. Ikon Allah!

Mama kuwa ba wanda ya gaya mata giya ma tana da zaɓi. Ta yanka zakaranta, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta yi da hannunta, ta hau acaɓa da kwano a cinya. Zanin zumuntar mata ta ɗaura, wanda ba ta fito da shi sai coci na biki.

Yaya ya buɗe kwanon, ya mayar ya rufe. "Mama, daddawa za ta kashe ɗanɗanon giyar. A kai kicin tukuna."

Na buɗe baki, ta taka min ƙafa.

Aka ba ta kujera a ƙarshen tebur. Yaya ya cire murfin kwalbar, ya zuba wa babban baƙonsa. To, a wurinmu ba a miƙa wa baƙo ƙoƙo sai mai gida ya fara kurɓa, don ya san ba a sa masa komai ba. Mama ta ga ɗanta ya manta. Ta tashi ta ɗauki kofin, ta kurɓa, ta goge bakinsa da gefen zani, ta miƙa wa mutumin da hannu biyu.

Bawan Allah har ya miƙo hannu zai karɓa. Yaya ya riga shi, ya fizge kofin, ya yi wata dariyar yaƙe, ya ce da Turanci su yi haƙuri, tsohuwar da ta rene mu ce a ƙauye.

Tsohuwar da ta rene mu! Wallahi da na bi zuciyata, da kwalbar nan a kansa ta ƙare.

Mama ta fita, na bi ta. A kicin muka zauna a ƙasa, muka ci tuwonmu da miyar da aka kora. Ta zaɓo cinyar zakaran ta ajiye wa Yaya a faranti, don tun yana yaro ita yake so.

Na ce, "Mama, bai faɗi komai ba fa."

Ta ce, "Ke, rufe min baki. Ba na jin Turanci, amma na san yadda suke cewa uwa. Na kasa kunne, ban ji ba."

Ta wanke kwanonta, ta ɗaure a ɗankwali, ta fita ta ƙofar baya.

Ba ta sake taka gidan ba. Har yau yakan kira ni yana tambaya me ya hana Mama zuwa Samaru, ko ciwon ƙafa ne. Nakan ce masa ƙafarta ƙalau, ko jiya ta je gona.