Ƙarfen da Ya Kafe a Idon Ɗan Farina

A unguwarmu nan Wudil, in ƙaiƙayi ko yashi ya faɗa wa mutum a ido, wurina ake kawo shi. In kwantar da kansa a cinyata, in buɗe idon da yatsu biyu, in sa harshe in lashe abin. Wurin kakata na gada. Har daga Kausani an taɓa kawo mini jinjiri a kan babur.

Ɗan farina kuwa sana'arsa yankan itace da inji mai sarƙa. Ba na faɗin sunansa, ba na kallon tsakiyar fuskarsa, haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi. Amma kunnena kullum yana kansa. Da safe yakan zauna a zaure ya dafe injin da gwiwa, ya ɗauki siririn magagari yana wasa haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Sai ya shafa gawayi a haƙorin da ya fara da shi don kada ya maimaita, in ya gama ɓangare guda ya juya injin. Ina daga ɗaki ina jin ƙarar nan a hankali, na san ya tashi lafiya, ba sai na tambayi kowa ba.

Wata rana sarƙarsa ta ci karo da ƙusa a cikin wata darbejiya a Lajawa, haƙoran suka dakushe, wasu suka lanƙwashe. Ya ce magagari ba zai iya ba. Washegari sai ga shi da injin washi na aro, mai dutse mai juyawa, da janareta. Na leƙa na ga tartsatsi yana tashi har gemunsa.

Na kira matarsa na ce, "Ki ce wa mijinki ya janye fuskarsa daga wutar nan."

Ta yi dariya. "Inna, ga shi can fa a zaure. Ki faɗa masa da kanki mana."

"Ke, ki kiyaye ni."

Ba ta kai ga zauren ba ƙarar dutsen ta yanke, janareta kaɗai ke ta ruri. Ina tsaye da ludayi a hannu na kasa ajiye shi. Sai ga shi ya shigo, tafinsa a kan idon hagu, hawaye na bin tsintsiyar hannunsa.

Matarsa ta ce, "Inna, don Allah duba shi."

Rabona da riƙe kan yaron nan tun da aka yaye shi yayar babansa ta ɗauke shi. Ga maƙwabta sun fara shigowa. Na zauna a tabarma na ce, "Kai, kwanta nan." Kansa ya yi nauyi a cinyata, ashe har furfura ya fara ban sani ba.

Na yi bisimilla na sa harshe. Na ji shi, ɗan mitsitsi, mai kaifi, da ɗanɗanon ƙarfe. Ƙaiƙayi yana biyo harshe, yashi ma haka. Wannan ko motsi bai yi ba, ya kafe a kan baƙin idon. Yaron ya yi nishi ya damƙe tabarma.

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "A ɗiga masa nono." Wata ta ce kwalli.

Shi ma ya ce, "Sake gwadawa, Inna. Itacen nan na Lajawa yana kwance a hanyar gonar mutane, ana jirana."

Na san in na sake, sai dai in tura ƙarfen ciki. Na ce, "Ba na sakewa. A nemo mota."

Maƙwabciyar ta riƙe baki. "Yau ke ce kika kasa?"

"Na kasa. Ba ni hanya."

Na yafa mayafi na bi shi cikin motar, ina jin wata tana cewa, "Oh, yau uwa ta bi ɗan fari." Ban waiwaya ba. Muka haye gada muka nufi Kano, duk ramin da mota ta faɗa sai in ji kamar a idona. Tunani ɗaya nake yi, mai ido ɗaya yaya zai auna inda itace zai faɗi?

A asibitin ido likita ya ɗiga masa magani, ya sa wani siririn abu ya ciro ƙarfen. Ya nuna mini a kan auduga, ko ƙwayar gero bai kai ba. Ya ce da an kwana da shi da ya yi tsatsa a ciki. Sannan ya tambaya wa ya taɓa idon. Na ce ni ce, da harshe.

"Baba, kada a ƙara."

"Ai ban ƙara ba, ɗan nan, shi ya sa ka gan mu."

Idon ya tsira, sai ɗan farin tabo. Ya mayar da injin aro, amma in sarƙa ta lalace sosai yana sake ɗaukowa, da tabarau a fuska yanzu. Ranar nakan tafi gidan ƙanwata sai an gama. Har yau ban faɗi sunansa ba. Amma in ya durƙusa gaishe ni da safe, nakan ɗaga kai in dubi idon nan na hagu kafin in amsa.