An Cire Mini Maƙoƙo, An Haɗa Da Muryata

Ni mai jan baƙi ne, ko in ce da can. Duk watan azumi ni nake zama kusa da malaminmu a wani masallaci cikin ƙasar Rogo, in karanto aya, shi kuma ya fassara wa jama'a. Sauran watanni noman dawa da gyaɗa nake yi kamar kowa. Ba ni da dukiya, ilimina ma bai taka kara ya karya ba, amma Allah ya ba ni murya, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da ita. Har daga Gwangwan da Ruwan Bago mutane kan hawo babur su zo tafsirinmu, ni kuwa a raina na san ba don fassarar malam kaɗai suke zuwa ba.

Sai maƙoƙo ya fito mini. Da farko bai wuce goro ba, rawani yana rufe shi. A hankali ya girma ya soma danne mini numfashi, ayar da nake ɗaukewa a shaƙa ɗaya sai na yanka ta biyu. Na sha rubutu, na sha jiƙe-jiƙe, a banza. Wani ma'aikacin lafiya a Karaye ne ya ce in daina wahalar da kaina, in tafi babban asibiti a Kano.

A can na haɗu da wani likitan fiɗa mai sanyin magana. Da ya ji sana'ata sai ya gyara zama. Ya ce a bayan maƙoƙon akwai wata siririyar jijiya kamar zare, ita ke motsa murya, kuma in wuƙa ta taɓa ta, murya na iya dushewa har abada. Ya ce yana bincike a kan wata na'ura da ake haɗa wa mutum bayan an sa shi barci, wadda ke yin ƙara in an taɓa jijiyar, ta nuna masa inda take da kuma ko tana nan lafiya. Ya nemi yardata in shiga cikin waɗanda za a yi wa aiki da ita, amma layi ba zai zo kaina ba sai bayan Sallah. Na tambaye shi ko ya tabbata muryata za ta tsira. Ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba, amsar da yake nema ke nan shi ma.

Wannan gaskiyar tasa ita ta kore ni. Da na dawo gida na ba da labari, baffana ya yi tsalle ya dire, ya ce so ake a mai da ni zakaran gwajin dafi, kuma likitan da ya ce bai sani ba, me ya kai shi riƙe wuƙa? Malaminmu bai hana ni ba, sai dai ya tuna mini cewa azumi ya matso, shi kuma ba zai so tafsiri da mai yanka aya ba. Na gane nufinsa sarai. Kujerar jan baƙi in ka tashi a kanta shekara ɗaya, da wuya ka dawo ka same ta babu kowa.

Baffa ne ya kai ni wani asibitin kuɗi a wani gari. Mai asibitin bai ko bari na gama magana ba, ya bugi ƙirji ya ce aikin a wurinsa kamar cire ƙaya ne, kafin a ga wata zan koma karatuna. Wallahi daɗi na ji, don abin da kunnena ke so ke nan. Ban tambaye shi zancen jijiya ba, shi ma bai ɗauko ba.

Da na farfaɗo na yi ƙoƙarin yin hamdala, sai iska kawai ta fito. Aka ce kumburi ne, zai sauka. Kumburi ya sauka, rauni ya warke, murya ba ta dawo ba. In na sha ruwa sai na ƙware, in na yi sallama a ƙofar gida ba mai ji. Azumi ya kama, malam ya ɗora wani ɗalibinsa a kujerata, ni kuma na zauna a sahun baya ina motsa leɓe. Baffa da ya fi kowa zaƙewa shi ya fara cewa in rungumi ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara, amma har yau tana yi mini ɗaci in ta fito daga bakin wanda ya ja hannuna ya kai ni.

Bayan Sallah na haɗiye kunya na koma wurin likitan farko. Ya zura wata 'yar kyamara ta hancina, ya nuna mini ɓangare ɗaya na maƙogwarona kwance ba ya motsi. Ya ce za a iya taimaka mini in riƙa magana da sauƙi, amma in cire rai da irin karatun da. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi, da na samu wanda zan yi fushi da shi. Na tambaye shi, cikin wannan raɗar da ta zama muryata, ko da na jira na'urarsa da na tsira. Ya ce mai yiwuwa ne, amma ba zai rantse ba.

Wannan "mai yiwuwa" ita nake kwana da ita, nake tashi da ita. Shi ya sa na rubuto, tunda rubutu ne kaɗai ya rage mini da zai kai nesa. Duk wanda za a sa wa wuƙa a wuya, ya tambayi abin da za a yi don kare muryarsa, kada kalmar bincike ta razana shi kafin ya fahimci abin da ake nufi. Kuma in likita ya ce maka bai tabbata ba, ka zauna ka ƙara saurarensa. Mai bugun ƙirjin da na bi yana can yana harkarsa, ni kuwa jikokina sun taso ba su taɓa jin na ja aya ba, sai dai a ba su labari.