Ranar da na yage taswirar 'yata

A shekararta ta ƙarshe a jami'a, babbar 'yata ta dawo gida Kafanchan da aikin bincike. Malaminta ya ce ta yi nazari a kan masu yawon buɗe ido da ke zuwa kallon ruwan da yake zubowa daga dutse a wani ƙauye kusa da mu: ta ina suke shiga, ina suke kwana, me ya sa suka rage zuwa. Babanta yana wurin aiki, ni kuma hankalina bai kwanta ta tafi ita kaɗai ba, sai na sauke tukunya na bi ta.

Laifin farko nawa ne. Ni da na tashi a ƙauye na san baƙo ba ya fara komai sai ya gaida mai gari. Amma ta ce hadari yana haɗuwa, mu fara aiki, gaisuwa ta biyo baya. Na biye mata.

Muka ratsa gonakin citta. Tana tafe tana zana kowace 'yar hanya a littafinta, tana ɗaukar hoto da waya. Ta tsayar da wata mata mai ɗauke da itace, ta tambaye ta hanyoyi nawa suke shigowa garin ta bayan dutse, kuma wacce babur zai iya bi. Matar ta dube mu, ta sauke itacen nan a ƙasa, ta juya da sauri. A ƙasarmu, bayan hare-haren da idanunmu suka gani, ba a yi wa mutum irin wannan tambaya.

Kafin mu kai bakin ruwa 'yan sintirin gari sun tare mu da sanduna. Babbansu ya karɓe littafin yana juya shafuka. 'Yata ta hau bayani da Turanci, ta fito da katin makaranta, abin ya ƙara tunzura su. Wani ya ce ai masu leƙen asiri ma da kati suke zuwa, kuma yanzu mata ake turowa. Mutane suka fara taruwa. Ina ta Addu'ar Ubangiji a zuci, ina ɓacewa a tsakiya ina komawa farko.

Suka kai mu gaban mai gari, suka miƙa masa littafin. Na durƙusa, na gaishe shi da yarenmu, na faɗi gidan da aka haife ni da majami'ar da nake zuwa. Ya saurara, bai ce in tashi ba. Ya buɗe taswirar, ya ɗora yatsa a kan wata hanya.

"Uwargida, wannan ko jikokina ba duka suka san ta ba. In littafin nan ya faɗi a mota, wa zai tsinta?"

'Yata ta ce, "Baba, don baƙi su dawo na zana."

"Baƙi iri-iri ne, yarinya."

Ina jin taron yana matsowa ta bayanmu, har numfashinsu. Na miƙa hannu biyu, ya ba ni littafin. Na yage shafuka huɗun da ta zana, na ajiye a gabansa, na ce wa 'yata ta goge hotunan kowa yana gani. Ta goge. Sai a lokacin ya ce in tashi, ya sa a raka mu bakin titi.

Muka hau babur zuwa gida. Ina jin bayanta yana girgiza a ƙirjina, ban sani ba ko kuka ne ko fushi. Ni dai na riƙe ta gam, ina gode wa Ubangiji.